Ruwan Allon Ticha

Jikata ta samu malamin lissafi marar fuska. Hannu ne kawai riƙe da alƙalami a cikin gilashin waya, sai wata murya da ke shiga kunnenta ta waɗansu 'yan igiyoyi farare, ni ba na jin komai. Tun da aka ce jarrabawar fita sakandare ta matso, yarinyar nan in ta dawo makaranta sai ta baje a tabarma bakin ƙofata, ta toshe kunnuwa, ta ƙura wa hannun nan ido tana gyaɗa kai. Na tambaye ta ɗan wane gari ne, ta ce ba ta sani ba. Yaro ne ko babba, yana da iyali ko gwauro ne, nan ma ba ta sani ba. Da na ce to nawa yake karɓa, sai ta yi dariya ta ce, "Kaka, firi ne fa. Aljebra kawai yake koya mana." Ni kuwa a rayuwata ban taɓa sakin jiki da mutumin da ya ce ba ya son ko kwabo ba. Har na yi niyyar ƙwace wayar in ɓoye a ƙarƙashin katifa har sai ubanta ya dawo daga unguwar Mile 2. Na miƙa hannu ke nan sai na ji bakina ya ce, "Akwai abin da yake karɓa," na kuma gane muryar. Ba tawa ba ce, ta Goggo ce, wadda ta daɗe a ƙasa.

Agegen Ikko da na tashi a ciki ba wannan ba ce ta yanzu mai ƙarar janareta da hon ɗin baburan okada. A lokacin, ƙarar jirgin ƙasa ce ke raba mana yini, in ya taho daga arewa har kwanukan da ke kan kanta sai sun yi rawa. Da asuba za ka ji kiran salla daga masallacin layinmu, ka ji guga na dukan bangon rijiya, ka ji matan Yarabawa na tallar burodi da kamu suna jan murya, mu kuma muna amsa musu da harshensu kamar da shi aka haife mu. Gidanmu irin dogon gidan nan ne mai lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna, mu a ciki, 'yan haya a ɗakunan bakin ƙofa. Baba fataucin goro yake yi, da goro ya gina gidan, saboda haka babu 'yar da ta tashi a cikinsa ba ta san aikin goro ba. A bayan gida akwai rumfa, nan ake kwance huhu, a baje goro a kan ganye, a tsince wanda sankara ta ci, a yayyafa ruwa, a sake sabon ganye a ɗaure. Yatsunmu kullum jajaye suke, ƙamshin ɗanyen ganyen nan kuwa har cikin littattafanmu na makaranta. Yaran yanzu in ka ce su tsince shinkafa kofi ɗaya sai su ce bayansu na ciwo.

Rumfar nan mulkin Goggo ce, yayar Baba, wadda ya ɗauko daga ƙauye bayan mijinta ya rasu. Shekarun da ta yi a Ikko sun fi waɗanda ta yi a gidan miji, amma ko sannu ba ta yarda ta koya da Yarabanci ba, wai kar a sayar da ita tana amsawa. Ba ta cin abincin da ba ta ga an ɗora ba. In maƙwabciya ta aiko da tuwo sai ta fara ba kajin gida, ta zauna tana kallonsu. Gashin da ya fita a tsefe ba ta yar da shi, farce ma haka, sai ta tona rami ta binne. Abin da ta fi faɗa mana shi ne, "Ku dinga kallon hannun mutum, bakinsa kowa ya iya gyarawa." Muna yi mata dariya a bayan idonta, amma gaskiya tsince goro ne ya koya mata wannan hali, don sau da yawa goron da ya fi sheƙi shi za ka fasa ka tarar da ƙwaro a ciki. Cikin 'ya'yan Baba kowa ya ce ni na gado ta, kuma ban taɓa musu ba.

Ni dai burina a duniya in shiga makarantar koyon aikin jinya. Tun ranar da na raka Inna asibiti na ga wata 'yar Hausa da farar riga da agogo maƙale a ƙirji tana ba manyan mata umarni, na ce ni ma sai na sa wannan riga. Na zauna jarrabawar fita sakandare na ci komai, lissafi ya kayar da ni warwas. Kuma ba wani abu ya kayar da ni ba sai aljebra. In dai lamba ce zalla ina iya fafatawa da ita, amma da zarar an cusa harufa a ciki, an ce in nemo x, sai kaina ya ɗau zafi in ji kamar in tashi in fita. Ba a shiga makarantar jinya babu lissafi. Baba mutum ne mai magana ɗaya. Ya kira ni shagonsa ya ce zai sake biya mini sau ɗaya tak, in na ci in tafi inda nake so, in na faɗi in ajiye biro in koma rumfa kusa da Goggo, ba zai sake jin zancen ba. Goggo kuwa har ta share mini wurin zama, ta ce dama ita ba ta ga abin da ake nema a cikin karatun da ake haɗa baƙi da lamba ba.

A wannan tsakanin ne wani ɗan haya ya tare a ɗakin bakin ƙofa. Dogo ne siriri mai furfura a gefen kai, Kirista daga tsaunukan wajen Jos, yana aiki a wani kamfani a Isolo. An ce da can malamin makaranta ne a garinsu, shi ya sa kowa ke kiransa Ticha, har yau ban san sunansa na yanka ba. Hausarsa ta coci ce, mai daɗin ji amma ba ta raba mace da namiji sosai, sai ya ce mini "kai" ya kuma gyara da kansa. Wata rana ya dawo aiki ya tarar da ni a lungu ina kuka a kan littafi, ya tsaya ya leƙa, ya wuce. Washegari sai ga shi da wani tsohon ƙyauren ƙofa a ka. Ya fasa tsofaffin batura ya kwashe baƙin cikinsu, ya goge ƙyauren da shi har ya zama baƙin allo, ya jingine a bangon lungu. Sannan ya je ya durƙusa gaban Baba ya nemi izinin ya riƙa taimaka mini bayan la'asar, a fili, inda kowa ke wucewa. Baba ya yarda. Ba a jima ba 'ya'yan maƙwabta masu shirin jarrabawa suka cika lungun, har da ƙawata 'yar wani mahauci da ke bayan layinmu, kowa da ɗan bencinsa.

Yadda ya koyar da mu ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ce x ba aljani ba ne, lamba ce da ta rufe fuska, aikinmu mu kori kowa daga gefenta har ta rage ita kaɗai. Alamar daidai, 'yan layuka biyun nan, ya ce mu ɗauke su layin dogon da ke bayan gidajenmu, duk lambar da ta tsallaka shi sai ta canza riga, ta tarawa ta koma ta ɗebewa. Ya rubuta x biyu a tara da uku daidai da sha ɗaya. Uku ta tsallaka ta zama ta ɗebewa, ya rage takwas, aka raba biyu, sai ga huɗu. Wallahi a ranar ji na yi kamar an buɗe taga a cikin kaina. Amma shi bai bari mun yi murna ba. Ya ce kar mu yarda da huɗun nan, kar mu ma yarda da shi, mu mayar da ita inda x yake mu gani ko sha ɗayan za ta fito. Kullum haka yake yi, ba a tashi daga kan amsa sai an mayar da ita an gwada. Da muka kai ga masu wuya, waɗanda x ke ninka kansa, sai ya zana akwati mai ɗaki huɗu, ya sa x mai ninki a ɗakin farko, lamba a na ƙarshe, ya ce mu nemo lambobi biyu da in an ninka su za su ba da shida, in an tara su su ba da biyar. Muka duƙufa muna gwadawa, can wani ya ce biyu da uku, sai kowa ya ɗauka. Hannun da ke cikin wayar jikata ma na ga yana zana wannan akwatin, sai dai shi ba ya jiran kowa ya amsa.

Goggo tana rumfa amma idonta na lungu. Abin da ya fara tsaya mata a rai shi ne Ticha ya ƙi karɓar ladan koyarwa. Iyaye sun kai masa ya mayar, Inna ta aika masa da tuwo ya karɓa sau ɗaya don kunya, ya ce a daina. Goggo ta ce mutumin da ya baro garinsu ya zo Ikko neman kuɗi, aka ba shi kuɗi ya ce ba ya so, to akwai abin da yake karɓa wanda ba a gani. Sai ta fara wucewa ta lungun da buta kamar mai zuwa alwala, tana satar kallon allon. Ta ga akwatin nan mai ɗaki huɗu da baƙaƙe da lambobi a ciki, ta ce ita ta san hatimi in ta gan shi, malamai ma da irinsa suke aiki. Ta ga alamar tarawa ta ce gicciye ne a tsaye, ta ga x ta ce gicciye ne a kwance. Duk wannan Baba murmushi kawai yake yi. Abin da ya hana shi murmushi shi ne zancen ruwa. Ticha ba ya goge allo da busasshen tsumma yadda ake yi a makaranta. In an tashi, sai ya kawo wani tsohon kwano da ruwa, ya wanke rubutun tas, ya matse tsumman a cikin kwanon, bai yarda ɗigo ɗaya ya zuba a ƙasa ba. Ga kwata nan a bakin ƙofa inda kowa ke zubar da ruwan wanke-wanke, amma shi sai ya ɗauki kwanonsa da hannu biyu ya fita, ya bi layi ya ɓace, ya dawo da shi babu komai.

A wurinmu wankin allo ba wasa ba ne. Kowannenmu ya sha rubutu, mun san abin da aka wanke daga allo yana shiga jiki ya yi aiki. To wannan da yaran unguwa ke tashi ɗaya bayan ɗaya suna rubutu da hannunsu a kan allonsa, ya wanke ya tafi da ruwan, ina yake kai shi, wa yake ba? Goggo ta ce fahimtar yaran ce yake tatsewa, a koya musu da la'asar a kwashe kafin magariba, kuma za mu gani ranar jarrabawa. Ni kaina na fara kallon kwanon nan da wutsiyar ido. A zamaninmu yarinya ba ta tsare babba da tambaya, su manyan kuwa kowa na ganin in ya tambaya ya nuna wa Ticha an gane shi. Ana cikin haka ƙawata 'yar mahauci ta kwanta zazzaɓi mai zafi, tana sambatu tana cewa a nemo mata x, ya tsallaka layin dogo bai canza riga ba. Uwarta ta shigo gidanmu ba mayafi. Ranar nan Goggo, wadda ba ta taɓa wuce bakin titi ita kaɗai ba, ta yafa gyale ta bi bayan Ticha. Ta dawo tana haki ta ce ta gani da idonta. Ya tsallaka layin dogo, ya shiga wani kango da ba kowa, ya tsuguna gindin wata tsohuwar bishiyar mangwaro, ya tsiyaye ruwan a hankali a jikin saiwarta, sannan ya ja ƙasa da hannu ya rufe.

Kafin a yi sallar isha labari ya gama unguwa, har ya ƙara kitse a hanya. Washegari benci ko ɗaya bai zo ba. Ticha ya fito da allinsa ya tarar da ni kaɗai a tsaye, ni ma Goggo ta kira ni rumfa kafin ya gama rubuta layin farko. Zazzaɓin ƙawata ya sauka da maganin asibiti, amma aka ce ai don an janye ta ne. Abokan cinikin Baba suka fara yi masa magana a masallaci, mahaucin nan ya ce in ba a ɗau mataki ba shi zai ɗauka. Baba ba ya son hayaniya, ba ya kuma iya kallon mutum ya ce masa ana zarginsa da asiri. Sai ya bi hanyar da masu gidaje ke bi, ya ce wa Ticha 'yan'uwa za su zo daga arewa, ana bukatar ɗakin. Jarrabawa kuwa ta kusa, ga shi ba mu gama masu x da y tare ba, waɗanda kullum suke fitowa. Na zauna a rumfa ina tsince goro hawaye na ɗiga a kan ganye, ina jin tsoron mutumin, ina kuma jin tsoron tafiyarsa. Goggo ta ce in yi kukana, gara in rasa farar riga da in rasa hankali.

Ranar da zai tashi, da hantsi, an gama ɗora kayansa a amalanke, ya zo shago yi wa Baba sallama. Ina bayan labule da Goggo, an aiko mu da goron baƙi. Ya gode wa Baba, ya ce ya san babu 'yan'uwan da za su zo, amma ba ya jayayya da mai gida a kan gidansa. Baba ya daɗe yana juya carbi. Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya yi tun farko.

"Ticha, ruwan nan na allo. Me ya sa kake kai shi gindin bishiya?"

Ticha ya dube shi kamar bai gane ba. Ya ce, "Alhaji, ba haka kuke yi ba?" Sai ya ba da labari. Yana yaro ubansa ya ajiye shi a gidan wani malami Bahaushe a garinsu don ya samu zuwa makaranta. Wata rana ya ga ruwan wankin allo a ƙwarya ya watsar a tsakar gida, malamin ya kira shi ya ce a gidan Musulmi ba a zubar da ruwan rubutu inda ƙafa ke takawa ko inda ƙazanta ke bi, sai a nemi wuri mai tsarki. Ya ce tun daga ranar bai manta ba. "Yaranku ne ke rubutu a allon. Waɗansu in za su fara sai na ga sun sa bisimilla a sama da Larabci. Ni ban san wanne ne mai girma wanne ne ba mai girma ba. Na ga kwatarku ruwan bayan gida na bi ta ciki, na ce ba zan zuba a nan in ɓata muku rai ba. Na duba duk unguwar, gindin bishiyar nan kaɗai na samu da ba a takawa."

Na san masu sa bisimillar nan, ni ce ta farkonsu. Baba bai ɗago kai ba. Can ya ce a sauke kayan, ɗaki na nan, a yi haƙuri. Ticha ya ce ya yafe, amma mutumin da aka bi bayansa a ɓoye ba zai ƙara iya barci a gidan ba, kuma ya riga ya kama wuri kusa da aikinsa. Abu ɗaya ya roƙa, a bar allon. Muka fita lungu muka tarar ya cika shi gaba da baya da ƙananan rubutu, kowane irin lissafi da ba mu kai ba ya yi misali ɗaya mataki-mataki, ya bar wani a ƙasa ba amsa. Ya ce da ni in bi su a hankali, duk amsar da na samu in mayar in gwada. Ya ce da Baba, "Wannan ban wanke ba. In ta gama ku wanke da kanku, ku zuba inda kuka ga ya dace." Ya bi bayan amalankensa, bai waiwayo ba.

Baba ya sa aka shigar da allon shagonsa, inda ba yaron da zai shafa shi. Ya ɗauke mini aikin rumfa, Goggo ta yi ta mita bai kula ta ba. Kullum ina zaune a gaban ƙyauren nan ina kwafa, in na maƙale babu wanda zan tambaya sai in koma layin sama in sake bi. Sau nawa na yi jifa da biro ina zagin x da y da wanda ya ƙirƙiro su. Sauran yaran ba su dawo ba, iyayensu sun ji bayanin amma suka ce ai duk mai asiri yana da bayani. Goggo ma da aka matsa mata cewa ta yi ita ba ta ce ya yi ba, ba ta kuma ce bai yi ba, abin da ta gani ta faɗa. In za ta wuce shagon sai ta raɓa ta ɗaya gefen tana a'uziyya. Ranar jarrabawa na buɗe takarda na ga masu x da y tare, na yi su, na mayar da amsoshin na gwada, suka zauna daram. Da na dawo Baba ya juya allon ya fuskanci bango, ya lulluɓe shi da buhu, ya ce kar wanda ya taɓa sai sakamako ya fito.

Da sakamako ya fito na ci lissafi. Ba cin a-zo-a-gani ba, amma ya isa ya buɗe mini ƙofar makarantar jinya. Na shigo gida da gudu, Inna ta rangaɗa guɗa, Baba ya ce alhamdu lillahi. Bayan la'asar ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce in kawo ruwa da kwano da tsumma mai tsabta. Mutumin da ko kofin shayinsa ba ya ɗaurayewa ya naɗe hannun riga ya tsuguna ya wanke allon nan gaba da baya, yana matse tsumman a kwano, bai bar ɗigo ya taɓa ƙasa ba. Ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya tsaya a bakin rumfa.

"Yaya, ke kaɗai kika san wurin. Wuce gaba."

Goggo ta dube shi, ta dubi kwanon. Na zaci za ta ƙi. Sai ta karkaɗe ganyen goro daga zaninta, ta yafa gyalen nan dai da ta bi Ticha da shi, ta shige gaba. Haka muka bi layi ido na ganin ido, ita a gaba, Baba da kwano, ni a baya, mutane na zaune a ƙofar gidajensu suna kallo, har da mahaucin. Ana gaishe da Baba yana amsawa bai tsaya ba. Muka tsallaka layin dogo, ta nuna bishiyar da haɓa. Baba ya tsuguna da babbar rigarsa ya tsiyaye ruwan a jikin saiwa. Da ya miƙe, Goggo ce ta sunkuya ta ja ƙasa da hannunta ta rufe. Daga baya Baba ya aika Isolo a gaya wa Ticha na ci, aka ce ya bar aikin ya koma arewa. Ba wanda ya san sunan garinsu, don duk zaman da ya yi da mu ba wanda ya tambaya.

Kangon nan yanzu shaguna ne na masu sayar da kayan waya, bishiyar ko kututturenta babu. Na yi aikin jinya har na gaji na ajiye, kuma halina na nan, ban taɓa ba mara lafiya magani ban sake duba kwalbar ba. Wayar jikata dai ban ƙwace ba. Na sa ta cire igiyoyin daga kunne ta buɗe muryar kowa ya ji, na zauna kusa da ita ina kallon hannun, tunda shi kaɗai aka ba mu mu kalla. Ya cika allonsa, ya taɓa wani wuri, rubutun ya ɓace gaba ɗaya. Na ce ina yake kai wanda ya goge, ta ce ba ko'ina, Kaka, tafiya kawai yake yi. Na ce to ta rubuta masa ta tambayi sunansa da sunan garinsu tun yana nan. Ta ce ashe na yarda da shi ke nan. Na ce ban yarda da shi ba, kuma ba na jin zan yarda. Amma in sakamako ya fito ta ci, ina so ya ji.